Binciken Halin Ma'aikaci a Ƙasar Hausa: Tarihin Hanyoyinsa da Matsalar Harshe

1. Gabatarwa

Akwai wani fannin ilmi da Turawa suka ƙago a farkon ƙarni na 20, wanda aikinsa shi ne binciken halin ɗan Adam a wurin aiki. Abubuwan da ya ke dubawa su ne yadda za a zaɓi mutumin da ya dace da aiki, da abin da ke sa ma'aikaci himma ko sanyin jiki, da gajiya, da zaman shugaba da na ƙasa da shi, da dalilin da ke sa mutum ya yi fashin aiki ko ya bar shi ɗungum. A cikin wannan takarda za a riƙa kiransa ilmin halin ma'aikata. Fannin ya daɗe bai sami gindin zama a Nijeriya ba, gama sai a 1964 aka buɗe sashen ilmin halin ɗan Adam na farko, a jami'ar da ke Nsukka. Amma tambayoyinsa sun riga shi isowa, domin tun zamanin En'e Turawan mulki da na ciniki suna son su san abin da ke zuciyar leburan da su ke ɗauka.

Manufar takardar ita ce a bi tarihin hanyoyi huɗu da aka bi wajen binciken ma'aikacin ƙasar Hausa, watau ƙidaya, da jarrabawa, da auna mafarki, da zama cikin ma'aikata ana hira da su. Za a ɗauki yankin Jega, da Aliero, da Maiyama, da garuruwa irin su Gehuru a matsayin ma'auni, domin yanki ne na noma da fatauci wanda ya daɗe yana fid da 'yan cin rani. Abin da za a nuna shi ne, kowace hanya cikin huɗun nan ta dace ko ta kuskure gwargwadon yadda ta fahimci kalmomin da shi ma'aikacin ya ke kiran aikinsa da su. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce, gama da sakamakon irin binciken nan ne aka taɓa yanke wa al'umma guda hukuncin ragwanci.

2. Asalin fannin a ƙasashen Turawa

Wanda a ke fara ambata shi ne Frederick Taylor, wani injiniya na Amurka. A ma'aikatar ƙarfe ta Bethlehem ya riƙa tsayawa da agogo yana auna kowane motsin lebura, sa'an nan ya yanka masa aikin yini, ya haɗa lada da yawan abin da ya yi. A littafinsa na 1911 ya ce da wannan dabara mai loda ƙarfe ya tashi daga tan 12 da rabi zuwa tan 47 a yini, ko da ya ke masu tarihi na baya sun nuna ya yi wa labarin ƙarin gishiri. A 1913 Hugo Münsterberg, Bajamushe mai koyarwa a Jami'ar Harvard, ya fito da wata hanya dabam. Shi ya ce a gwada mutum tun kafin a ɗauke shi, har ya shirya jarrabawa domin direbobin jirgin cikin gari na Bostan. A 1917 da 1918 sojan Amurka suka jarraba mutum wajen 1,750,000, da takarda iri biyu, ɗaya ta masu karatu, ɗaya ta zane-zane domin waɗanda ba su iya karatu ba. A Ingila kuwa gajiyar masu ƙera makamai ce ta ta da hankalin hukuma, har aka kafa hukumar binciken gajiya a 1918, kuma Charles Myers ya buɗe cibiyar wannan ilmi a Landan a 1921.

Daga 1924 zuwa 1932 aka yi binciken da ya fi kowanne suna, a ma'aikatar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Shikago, wanda a ke danganta shi da Elton Mayo. An fara da gwada hasken fitila, aka koma ga ware 'yan mata kaɗan a ɗaki guda ana sake musu lokutan hutu, aka yi hira da ma'aikata fiye da 21,000, daga ƙarshe aka sa mutum ya zauna yana kallon maza 14 suna aiki. Nan aka ga mazan nan sun yanka wa kansu abin da su ke gani shi ne aikin yini na adalci, wanda duk ya zarce shi sai 'yan'uwansa su tsangwame shi. Ashe ma'aikaci ba shi kaɗai ya ke ba, yana da jama'a, jama'ar kuma tana da dokokinta waɗanda ba a rubuta ba. To, kayan aikin fannin ke nan: agogo, da takardar jarrabawa, da hira, da zama a sa ido. Dukansu an ƙera su ne domin mutumin da ba shi da gona, wanda albashi ne kaɗai abincinsa.

3. Tsarin aiki a yankin Jega kafin zuwan masu bincike

Mutumin Gehuru ba haka ya ke ba, kuma harshensa ya nuna haka. Abin da Bature ya ke tarawa cikin kalma ɗaya ko biyu, Bahaushe ya rarraba shi kashi-kashi, kowane kashi da nasa haƙƙi da nasa sharaɗi. Akwai gandu, inda 'ya'ya ke noma gonar uba, shi kuma ya ci da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, ya kuma ba kowa gayauna da lokacin da zai nome ta. Akwai gayya, inda a ke gayyato jama'a su taru wa mutum ɗaya, ba lada sai abinci, makaɗa suna zuga samari, kowa yana gudun a ce an bar shi a baya. Akwai ƙodago, watau aikin lada a gonar wani, kuma a cikinsa akwai jinga, inda a ke yanke ladan aiki dungum tun kafin a sa hannu, mutum ya gama da hantsi ko da la'asar, ruwansa. Abin da Taylor ya ɗauka sabuwar hikima ce, watau haɗa lada da yawan aiki, manomin ƙasar Gwandu ya san shi tun kaka da kakanni. Bambancin kurum shi ne, a jinga ma'aikaci ne ke riƙe da lokacinsa, a tsarin Taylor kuwa agogo yana hannun mai ma'aikata.

Bayan noma sai sana'a, kamar ƙira, da saƙa, da rini, da dukanci, da ɗori wanda mutanen Aliero suka yi suna a kansa. Sana'a gado ce galibi, kuma da ita a ke sanin mutum. Sai kuma fatauci. Garin Jega, wanda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon ƙarni na 19, ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato, yana bisa hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Ayarin goro kuwa ƙungiya ce mai tsari sosai. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataken goro, ya bayyana yadda ayari ɗaya kan kai mutum 1,000 ko fiye, da madugu wanda ke yanke shawara ya kuma yi cinikin fito da sarakunan hanya, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malami mai riƙe da rubutu. Tafiya da komowa ta kan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara. Yaron da ya bi ubangidansa cikin ayari ba albashi ya ke jira ba. Abin da ya ke jira shi ne ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Wannan dangantaka ita ce barantaka, kuma za a sake komowa kanta a gaba.

Kalmar lebura baƙuwa ce, daga Turanci aka aro ta, kuma ba ta shigo da daɗi ba. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda aka gama a 1911, da mutanen da aka ɗebo ta hannun sarakuna aka gina yawancinta. Daga 1942 zuwa 1944, saboda bukatar yaƙi, aka yi ta kwasar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos bisa tilas, har da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Sunan da mutane suka ba wannan abu shi ne ɗiban gwamna. Saboda haka sa'ad da mai bincike ya iso da tambayarsa, ya tarad da harshe ya riga ya raba aiki gida biyu: na kai, wanda ke da mutunci, da na Bature, wanda a ke shiga don lalura a fita da wuri.

4. Hanya ta farko: ƙidaya

Babban ƙorafin masu ma'aikatu a zamanin mulkin Turawa shi ne, leburan Afirka ba ya zama. Sun ce yana da abin da ya ƙudura, ko kuɗin haraji, ko na aure, ko na keke, da ya cika sai ya tafi, har ma suka ce in an ƙara masa lada sai ya ƙara saurin tafiya. Don a san girman abin a Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Gwandu ke cikinsa a lokacin, aka yi wata ƙidaya ta musamman a ranin 1952 zuwa 1953. Aka kafa tashoshi a kan hanyoyi da mashigan kogi, malamai suna tsai da matafiya suna tambayarsu daga ina, zuwa ina, da kuma dalilin tafiya. Mansell Prothero, malamin labarin ƙasa a kwalejin jami'a ta Ibadan, shi ya tace sakamakon, ya buga shi a 1957, sa'an nan cikakken rahoto ya fito a Kaduna a 1959. An ƙirga mutum wajen 259,000, kusan kashi uku cikin huɗu 'yan lardin ne, sauran kuwa da yawansu daga ƙasar Faransa ta arewa suka ratso. Waɗansu sun nufi Jihar Yamma, waɗansu ƙasar da a yau a ke kira Gana, waɗansu Jihar Gabas ko sauran lardunan Arewa. Galibinsu suka ce kuɗi, ko abinci, ko ciniki ya fid da su.

Aikin nan yana da daraja ƙwarai, domin shi ya fara nuna yawan mutanen da ke barin wannan yanki kowace shekara. Prothero kuma bai yi watsi da harshe ba, gama ya rarrabe tsakanin masu cin rani da 'yan tuma da gora, watau samarin da ke yin nisa suna sai da ƙarfinsu. Amma ƙidaya tana da iyaka. Talaka ba ya raba malami mai littafi da haraji, saboda haka amsar da ta fi sauƙi ita zai bayar ya wuce. "Neman kuɗi" amsa ce ta gaskiya, amma tana rufe tambaya, ba ta buɗe ta ba. Dalilin da ya fi zurfi yana cikin sunan abin kansa. Aikatau ɗin "ci" a cikin cin rani shi ne na cin kasuwa da cin riba, ma'anarsa a ratsa rani a fito da amfani. Magidancin da ya bar Gehuru bayan kaka riba biyu ya ke nema, abin da zai samo a can, da kuma hatsin da bai ci ba a rumbunsa, wanda zai kai iyalinsa ga damina. Ranar da hadari ya fara haɗuwa kuwa, dole ya komo. Abin da littafin ma'aikata ya rubuta da sunan barin aiki, a wurin mai shi komawa bakin aiki ne.

Peter Kilby ne ya juya ƙidaya ta fuskanci masu ma'aikatun kansu. A wata maƙala ta 1961 ya duba littattafan kamfanoni a Nijeriya, ya nuna fashi da barin aiki suna bin yawan lada, da tsawon sa'o'in aiki, da nisan gida daga ma'aikata, kuma ƙarancin amfanin aiki galibi daga rashin tsari da rashin kyakkyawar kulawa ya ke tasowa. Watau laifin da aka daɗe ana ɗora wa halin lebura, rabinsa ko fiye na ofis ne.

5. Hanya ta biyu: jarrabawa

Gwada mutum kafin a ɗauke shi ya shigo Afirka ta kudu. A 1946 aka kafa cibiyar binciken ma'aikata a Johanasbag a ƙarƙashin Simon Biesheuvel, wadda ta shirya jarrabawa domin masu haƙar zinariya. Da ya ke ma'aikatan harsunansu dabam-dabam ne, sai aka riƙa nuna musu yadda za su yi ta majigi marar magana, a ba su abubuwa su rarrabe ko su harhaɗa. An zaci in an kau da magana an kau da matsala. Amma a 1960 wani ma'aikacin cibiyar, William Hudson, ya nuna hoto ma harshe ne. Ya zana maharbi da mashi, da barewa kusa, da giwa can nesa an yi ta ƙarama, sai ya ga da yawa daga cikin waɗanda ba su yi makaranta ba sun ce giwar a ke nufi da mashin, domin a kan takarda ita ta fi kusa da shi. Ba ido ne ya gaza ba, al'adar karanta zane ce ba a koya musu ba.

A Nijeriya, a farkon shekarun 1960, Paul Schwarz da abokan aikinsa daga Amurka suka shirya jerin jarrabawa domin zaɓen masu shiga makarantun sana'a da aikin ofis, daga baya aikin ya koma hannun hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma. Ƙa'idarsu mai kyau ce: a rage dogon bayani, a nuna misali da manyan alluna, a bar yaro ya gwada kafin a fara ƙirga masa. A lokacin ne kuma masana'antu ke tasowa a Arewa, gama masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, ana bukatar ɗaruruwan masu tsaron inji. Duk da haka akwai abin da jarrabawa ba ta iya kauda shi ba, shi ne agogo. Kusan kowace jarrabawa ta irin wannan tana ba da maki ne bisa sauri. Yaron da ya tashi a zauren maƙeri ko a gaban malamin allo kuwa an hore shi a kan kada ya yi garaje, an nuna masa gyara ya fi sauri, kuma hankali a Hausa yana ɗauke da ma'anar basira da ta natsuwa gaba ɗaya, shi ya sa a ke cewa a yi a hankali. In irin wannan yaro ya sami maki kaɗan, ba a san ko basirarsa aka auna ko tarbiyyarsa ba.

6. Hanya ta uku: auna mafarki

Binciken da ya fi taɓa sunan Bahaushe shi ne na Robert LeVine, wanda ya fito a 1966. Tushensa ra'ayin David McClelland ne, wanda ya ce a 1961 arzikin al'umma yana bin ƙarfin wani buri da ke zukatan mutanenta, burin yin fice da ƙoƙarin kai, kuma ana iya gano burin nan cikin labarun da mutum ya ƙaga. LeVine ya tattara mafarkan ɗalibai maza 342 na makarantun sakandare, Ibo da Yarabawa da Hausawa, aka ba waɗansu masu dubawa suka ƙirga mafarkan da ke da alamar wannan buri. Aka sami alamar a mafarkan kashi 43 cikin 100 na Ibo, da kashi 17 cikin 100 na Hausawa, Yarabawa suna tsakani. Da aka sa su rubuta yadda yaro ke zama mutumin da ya ci nasara, ɗaliban Hausawa suka fi kowa ambaton biyayya. LeVine ya fassara wannan da tarihin sarauta, yana dogara da aikin M. G. Smith a kan Zazzau. Ya ce inda hanyar ɗaukaka ita ce bin ubangida, biyayya a ke koya wa yaro, ba yunƙurin kai ba.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a auna a nan. Na farko, Hausawan da ke cikin binciken 65 ne kurum, kuma 'yan makarantar boko ne, a zamanin da makarantun nan suka fi cika da 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e. 'Ya'yan fatake suna kasuwa ko suna makarantar allo. Na biyu, mafarki a wurin Musulmi ba abin da a ke shimfiɗa wa baƙo ba ne, gama koyarwar addini ita ce mummuna a bar shi, kyakkyawa kuma a gaya wa masoyi kaɗai. Ga kuma kunya, ga karin maganar da ke cewa yabon kai jahilci. Yaron da ya yi mafarkin ya fi tsaransa, da wuya ya rubuta haka ga malamin da bai sani ba, balle a makarantar da harshen karatunta Turanci ne. Na uku, kuma shi ne mafi girma, an ɗauki biyayya da buri kamar kishiyoyi ne. A barantakar kasuwa kuwa biyayya ita ce tsanin buri. Yaro yana yi wa ubangidansa hidima shekara da shekaru ne domin ya tabbatar da amanarsa, amanar nan kuwa ita ce jarinsa na fari.

Tarihin ciniki shaida ne. A 1912, shekara ɗaya bayan isowar jirgi, fataken Kano da manoma suka juya ga gyaɗa ba tare da umurnin kowa ba, alhali Turawa auduga su ke so. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Abner Cohen ya nuna a 1969 yadda masu gidajen Sabo a Ibadan su ke tafiyad da cinikin shanu na dukiya mai yawa bisa bashi da amana. Al'ummar da ta yi waɗannan ba a ce ba ta da buri ba, sai dai a ce ma'aunin bai san kamannin burinta ba. Kuma littafin ya fito a shekarar da ƙasa ta shiga rikicin kabilanci mafi muni, lokacin da jera kabilu daga sama zuwa ƙasa ba wasan malamai ba ne.

7. Hanya ta huɗu: zama da hira

Hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce wadda ta fi cin lokaci. A farkon shekarun 1970 Paul Lubeck ya zauna a Kano yana hira da leburorin masana'antun Bompai, littafinsa ya fito a 1986. Ya tarad da da yawansu tsofaffin almajirai ne da suka zo birni ta hanyar karatu da cin rani. Ya ga abin da ke damunsu ya wuce lada, har da wulakancin masu kula da aiki da maganar lokacin salla, kuma burin yawancinsu shi ne su tara jari su koma ciniki. A 1971, sa'ad da waɗansu kamfanoni suka yi jinkirin biyan ƙarin albashin da hukumar Adebo ta yanke, leburorin nan da a ke cewa ba su san kome ba sai biyayya suka yi yajin aiki, suna bi ma'aikata ma'aikata suna fid da 'yan'uwansu. Sunan da su ke kiran kansu da shi shi ne talakawa, kuma da ma'aunin adalci da zalunci su ke auna mai ma'aikata. Abin da aka gano a Hawthorne, cewa ma'aikata suna da dokokinsu, ya tabbata a Kano, sai dai a nan dokokin daga masallaci da kasuwa suka fito.

8. Matsalar harshe da aikin da ya rage

Yawancin binciken fannin nan a yau da takardar tambayoyi a ke yinsa, irin wadda Rensis Likert ya tsara a 1932, inda mutum zai zaɓi ɗaya cikin matakai biyar, daga yarda ƙwarai zuwa ƙin yarda ƙwarai. Mai fassara irin wannan takarda zuwa Hausa zai faɗa wani rami in bai lura ba. Manyan tambayoyi biyu na fannin, watau ko mutum ya gaji, da ko yana jin daɗin aikinsa, a Hausa gaisuwa ce, amsarsu kuma a shirye ta ke. In an ce ina gajiya, amsa ita ce ba gajiya, ko da mutum ya wuni yana dakon buhu. In an ce yaya aiki, sai a ce da godiya. Mai binciken da ya rubuta amsoshin nan a matsayin sakamako zai ba da rahoton ma'aikatan da ba su gajiya ba su ƙorafi, alhali ladabinsu kurum ya ƙirga. Dabarar da Richard Brislin ya yaɗa a 1970, ta a fassara takarda sa'an nan wani ya mai da ita harshen asali a gwada, ba ta maganin wannan, domin kalmomin daidai su ke, matsayinsu a cikin zance ne ya bambanta. Ga kuma karin harshe, gama takardar da aka shirya da Hausar Kano ba lalle ta sauka daidai a kunnen mutumin Maiyama ba.

Hanyar da ta fi dacewa da Hausa ita ce wadda John Flanagan ya bayyana a 1954, watau kada a tambayi mutum ra'ayinsa, a ce ya ba da labarin wata rana da abu ya faru a wurin aiki, mai daɗi ko marar daɗi. Bahaushe ba ya son ya ce shugabansa azzalumi ne, amma zai ba da labari, mai sauraro ya gane. Haka kuma kalmomin da A. H. M. Kirk-Greene ya tattara a 1974 a kan mutumin kirki, irin su amana, da haƙuri, da kunya, da mutunci, da adalci, sun fi kusa da ma'aunin da ma'aikaci ke auna kansa da shugabansa da shi bisa ga jerin halayen da a ke arowa daga waje.

Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, amma aikin lada bai ƙare ba, wuri ya sake. An kafa Jihar Kebbi a 1991, an buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, an buɗe babbar ma'aikatar casar shinkafa a Argungu a 2017, ga kuma 'yan ƙodago a gonakin albasa da fadamun shinkafa, da 'yan dako a kasuwar Jega. Tambayoyin da ke jiran masu bincike a nan a fili su ke: yadda noman rani ya sake lissafin cin rani, da yadda mai gona ke haɗa aikin ma'aikata da damina, da yadda a ke yanke jinga, da abin da ke sa yaro ya bar ubangidansa kafin a sallame shi. Kafin a kai ga waɗannan akwai aikin da ya hau kan sassan Hausa da malaman kwalejojin horon malamai, shi ne tattara kalmomin aiki daga bakin masu shi, gari gari, tare da jimlolin da a ke sa su ciki da wanda ke faɗa wa wa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya ajiye da yawa daga cikinsu, amma an yi shi ne kafin masana'anta ta kafu a Arewa. Ɗalibin da ya fito daga Gehuru, in aka ba shi littafin rubutu da hutun rani guda, zai iya cike babban gurbi cikin wannan aiki.